Na rage abinci, ina motsa jiki, amma sikeli ya tsaya: jikina ne ya lalace?

"Assalamu alaikum Dakta. Shekaruna 34. Wata huɗu da suka wuce nauyina kilo 92 ne, sai na ɗaura ɗamarar rage ƙiba. Na rage cin abinci sosai, a lissafina ba ya wuce kalori 1,200 a rana, kuma ina hawa injin gudu na awa ɗaya, sau biyar a mako. Injin yakan nuna mini na ƙona kalori 500. Da farko abin ya yi kyau, na sauko zuwa kilo 83. To amma yau mako biyar ke nan sikeli bai motsa ba. Gudun da nake yi cikin sauƙi a da, yanzu da ƙyar nake gamawa. Kullum ina jin sanyi da kasala, al'adata ma ta yi jinkiri. Wata ƙawata ta ce na lalata injin jikina ne, ya daina ƙona abinci. Gaskiya ne? In ƙara rage abincin ne, ko in ƙara awa ɗaya a kan gudun?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayarki uku ce a dunƙule: me ya sa motsa jikin da ya yi miki aiki da farko ya daina nuna alama, me ya sa ya koma yi miki wuya, sannan wane mataki ya dace yanzu. Bari in fara da abin da ya fi tayar miki da hankali. Jikinki bai lalace ba. Abin da kika bayyana shi ne abin da lafiyayyen jiki yake yi idan abinci ya ragu na tsawon watanni, aiki kuma ya ƙaru. Amma cikin hanyoyi biyun da kika kawo, babu wadda zan ce ki bi. Kuma a duk saƙon naki, jinkirin al'adar nan ne ya fi ɗaukar hankalina, fiye da tsayawar sikeli.

Inda kuzarin jiki yake tafiya

Mutane da yawa suna ɗauka motsa jiki ne yake cinye mafi yawan abin da muka ci. Ba haka ba ne. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuzarin da mutum yake kashewa a yini yana tafiya ne a kan riƙe rai kawai: bugun zuciya, numfashi, aikin ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, da ɗumama jiki. Ko a kwance kika wuni sai an kashe wannan. Kimanin kashi 10 yana tafiya wajen narkar da abincin kansa. Abin da ya rage shi ne motsi, shi ma kashi biyu ne. Akwai motsin da kika tsara, kamar awa ɗayan da kike yi a kan inji. Akwai kuma motsin da ba kya lura da shi: tashi, zama, kai-da-kawowa a gida ko wurin aiki, hawa bene, har da motsa hannu idan kina magana. A wurin yawancin mutane wannan na biyun ya fi na farko yawa.

Idan kika rage abinci, duk waɗannan kason suna raguwa tare. Wani ɓangare na raguwar lissafi ne tsantsa. Jiki mai kilo 83 ba ya buƙatar abin da jiki mai kilo 92 yake buƙata, abinci kaɗan kuma kuzari kaɗan yake ci wajen narkewa. A wajen gudu, ƙa'idar da ake amfani da ita ita ce kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyi a kowace kilomita. Kilomita biyar ke nan da kilo 92 ta kai wajen kalori 460, da kilo 83 kuma wajen 415. Nisa ɗaya, wahala ɗaya a idonki, amma kin ajiye kilo 9 da kike ɗauke da su a da.

Ɗaya ɓangaren shi ne wanda ƙawarki ta ji labarinsa, ta fassara shi da lalacewa. Jiki yana rage kashe kuzari fiye da yadda raguwar nauyin kaɗai za ta bayyana. Kamar magidancin da albashinsa ya ragu ne: ba ya rufe gidan, sai dai ya kashe fitilar ɗakin da ba kowa, ya ɗage gyaran da ba na gaggawa ba, ya riƙa lissafin kowace fita. Tsimi ne, kuma tun da daɗewa aka auna shi. A shekarar 1944 zuwa 1945, Ancel Keys da abokan aikinsa a Jami'ar Minnesota ta Amurka sun sa maza 36 a kan kusan rabin abincin da suka saba ci na tsawon mako 24, tare da tafiyar ƙasa mai yawa. Sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, kuzarin da suke kashewa a hutu ya faɗi da wajen kashi 40 cikin ɗari. Sun yi ta kukan sanyi, bugun zuciyarsu ya ragu, ƙarfinsu ya tafi, tunanin abinci ya mamaye su. Da aka dawo musu da abinci, kashe kuzarin ya sake hawa. Wannan ƙarshen labarin shi ne mutane suke mantawa.

Tsokar da ta koyi tsimi

Abin da ya fi kusa da tambayarki shi ne aikin Rudolph Leibel da Michael Rosenbaum da Jules Hirsch a birnin New York. Sun kwantar da mutane a asibiti na watanni, suna auna duk abin da ya shiga bakinsu, suka sauke nauyinsu da kashi 10 cikin ɗari, wato kusan daidai da naki. A rahoton da suka fitar a 1995, kuzarin da mutanen suke kashewa a yini ya yi ƙasa da abin da sabon nauyinsu ya kamata ya bayar, da kimanin kalori 300 zuwa 400. Da suka bi diddigi, sai suka tarar babban kason wannan giɓin yana wajen motsi ne, fiye da wajen hutu. A binciken da ya biyo baya sun sa mutanen tuƙa keken gwaji a hankali, suka ga tsokarsu tana yin aiki iri ɗaya da kuzari ƙasa da na da, bambancin ya kai kimanin kashi 20 cikin ɗari. Abin lura shi ne tsimin ya fi bayyana a aiki mai sauƙi, irin wanda ya yi kama da zirga-zirgar yau da kullum. Da aiki ya yi tsanani, bambancin yana raguwa.

Dalilin yana cikin jini. Kitse yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda yake gaya wa ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da jiki yake da ita. Da zarar abinci ya ragu, leftin yana faɗuwa cikin 'yan kwanaki, tun kafin kitsen ya ragu sosai. Ƙwaƙwalwa ta ga haka, sai ta sassauta sinadarin tayirod mai aiki, wanda ake kira T3 (tayirod wata gaɓa ce a gaban wuya da take daidaita saurin ƙona kuzari), ta kuma rage kaifin jijiyoyin da suke hanzarta zuciya da ɗumama jiki. Sanyin da kike ji daga nan yake. Su Rosenbaum sun gwada yi wa mutanen da suka rage nauyi allurar leftin don mayar da shi matsayinsa na da, sai yawancin waɗannan canje-canjen suka koma. Hakan ya nuna saƙo ne ake aikawa, kuma saƙo yana iya canzawa.

Tabbas ƙawarki ko wanda ya gaya mata sun ji labarin masu gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, The Biggest Loser. Kevin Hall da abokan aikinsa a Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka sun bi mutum 14 daga cikinsu. Sun rasa matsakaicin kilo 58 a mako 30, bayan shekara shida sun mayar da wajen kilo 41, amma kuzarin da suke kashewa a hutu yana ƙasa da yadda aka zata da kusan kalori 500 a rana. An buga wannan a 2016, ya kuma tsorata mutane da yawa. Ina roƙonki kada ki auna kanki da su. Mutane ne masu matsananciyar ƙiba da suka yi awanni suna motsa jiki kullum a kan abinci kaɗan. A binciken CALERIE, inda mutane marasa ƙiba sosai suka rage abinci a hankali na shekara biyu, tsimin da aka auna a cibiyar Pennington ta jihar Louisiana bai wuce kalori 80 zuwa 120 a rana ba. Masana har yanzu suna jayayya a kan ko tsimin yana dawwama ko yana raguwa bayan nauyi ya zauna wuri ɗaya na wasu makonni. Abin da na gani a aikina ya fi karkata ga na biyun: yawancin waɗanda suka dakatar da matsin, suka ci daidai buƙatarsu na ɗan lokaci, sanyi da kasalar suna barin su.

Kalori 500 ɗin da inji yake nunawa

Kada ki gina lissafinki a kan wannan lambar. Injin bai san yawan tsokarki ba, bai san kin yi wata huɗu kina rage abinci ba, kuma yawanci yana haɗawa da kuzarin da za ki kashe ko da a zaune kike a wannan awar. Agogon hannu ma haka. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada na'urorin hannu guda bakwai. Wajen ƙirga bugun zuciya sun yi kyau, amma wajen kalori wadda ta fi daidai ta kauce da kashi 27 cikin ɗari, wadda ta fi muni da kashi 93.

Ko da lambar daidai ce, ba duka take zama riba ba. Jiki yana rama wani ɓangare. Herman Pontzer ya auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu tafiyar kilomitoci kullum, ya tarar idan aka yi la'akari da girman jiki, kuzarin da suke kashewa a yini bai yi nisa da na mutanen Amurka da Turai masu zaman ofis ba. Wani nazari na 2021 a kan manya 1,754 ya ƙiyasta cewa cikin kowace kalori 100 da aka ƙona ta motsi, jiki yana rage kimanin 28 daga wani wurin, kuma a wurin masu kitse da yawa ramuwar tana iya kusantar rabi. Ba duk masana ne suka yarda da girman wannan adadi ba, amma samuwar ramuwar ba a musunta, kuma tana ƙara ƙarfi idan abinci ya yi ƙaranci.

Na fi ganin ta a zahiri ta hanyar motsin da ba a lura da shi. Mace za ta yi awa ɗaya tana gudu da safe, sauran yinin kuma ta wuni a kujera saboda gajiya. Abin da take tashi ta ɗauko da kanta, yanzu aike take yi. Bene ya zama abin gudu. Idan na sa irin waɗannan mata su duba ƙirgar takunsu na yini, sukan yi mamakin ganin adadin bai wuce na lokacin da ba su fara motsa jikin ba, wani lokaci ma ya gaza. Babu lalaci a ciki, jiki ne yake karɓar abinsa ta bayan gida.

Sai kuma maganar da nake faɗa da taka-tsantsan, domin ba zargi ba ce. Kusan kowa yana cin fiye da yadda yake lissafawa. A wani bincike da aka buga a 1992, mutanen da suka ce ba sa kai kalori 1,200 a rana amma nauyinsu ya ƙi sauka, da aka auna sai aka ga sun rage kusan kashi 47 cikin ɗari na abin da suke ci a lissafinsu, sun kuma ƙara kusan rabi a kan motsin da suke yi. Ba ƙarya suke yi da gangan ba. Man girki, abin sha mai zaƙi, ɗanɗanon tukunya da cin ƙarshen mako su ne suke sulalewa. Yunwa kuma tana turawa a ɓoye: ƙiyasin su Kevin Hall ya nuna duk kilo ɗaya da aka rasa yana ƙara sha'awar abinci da wajen kalori 100 a rana, alhali raguwar kashe kuzari a kan wannan kilon ba ta wuce 20 zuwa 30 ba. Wato ƙarfin da yake jan ki ki ci ya ninka na tsimin. Abin da na saba gani shi ne kwana huɗu ko biyar na matsi mai tsanani, sai kwana biyu na ramuwa, mako ya ƙare babu giɓi, ga wahala an sha.

Ruwa ma yana ɓoye gaskiya. Gajiya da ƙarancin barci da matsin abinci suna ɗaga kotisol, sinadarin da jiki yake fitarwa idan yana cikin matsi, jiki ya riƙe ruwa, kuma zagayowar al'ada kaɗai tana iya motsa sikeli da kilo ɗaya ko biyu. Kitse yana iya raguwa sikeli bai nuna ba. Shi ya sa nake so ki riƙa auna ƙugunki da tef sau ɗaya a mako.

Dalilin da gudun ya koma yi miki wuya

Tsoka tana da man aiki iri biyu. Kitse yana da yawa amma a hankali yake ƙonewa. Sukarin da aka adana, wanda ake kira gilaikojin, shi ne na sauri, kuma kaɗan ne: wajen giram 400 a tsoka, wajen giram 100 a hanta. Kowane giram yana riƙe da kimanin giram uku na ruwa, wannan ne ya sa makonnin farko na rage abinci sikeli yake sauka da gudu. Idan kina cin kalori 1,200, kina gudu kwana biyar, wannan ajiyar ba ta samun cika. Kina shiga gudun yau da ragowar jiya. Jiki zai ƙara dogara da kitse, wanda yake da daɗin ji a kunne, amma sakamakonsa shi ne saurinki ya ragu, ƙafa ta yi nauyi, haki ya zo da wuri. Ƙona kitse a lokacin gudu kuma ba shi ne yake yanke hukunci ba, jimillar yini da mako ce. An gwada wannan a 2014 da 'yan mata 20: rabi suna motsa jiki kafin karin kumallo, rabi bayan sun ci, abincin yini iri ɗaya. Bayan mako huɗu kitsen da suka rasa bai bambanta ba.

Abin da ya fi muhimmanci yana faruwa ne bayan kin sauka daga injin. Amfanin motsa jiki yana zuwa a lokacin gyara, sa'ad da jiki yake sake gina tsoka da ƙashi da jijiyoyin jini su fi na da ƙarfi. Gyara yana cin kuzari, kuma yana cikin abubuwan da jiki yake fara ɗagewa. An auna cewa kwana biyar kacal na ƙarancin abinci sun rage ginin furotin a tsoka da wajen kashi 27 cikin ɗari. A wannan binciken dai, zama ɗaya na ɗaga nauyi ya mayar da shi yadda yake, cin furotin bayan ɗagawar kuma ya ɗaga shi sama da haka. A ƙa'ida, wanda ya rage ƙiba da abinci kaɗai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya rasa ba kitse ba ne. A Jami'ar Washington da ke St. Louis an kwatanta masu rage nauyi da abinci da masu rage shi da motsa jiki na shekara guda. Masu abinci kaɗai sun yi asarar tsokar cinya da ƙarfi da kaurin ƙashi a ƙugu da gadon baya, masu motsa jiki ba su yi ba.

A nan ne nake so ki canza yadda kike kallon awar nan taki. A lokacin rage abinci, babban aikin motsa jiki shi ne ya zaɓa wa jiki abin da zai riƙe da abin da zai saki. Giɓin abinci yana sa nauyi ya sauka, motsa jiki kuma, musamman ɗaga nauyi, yana sa abin da ya sauka ya zama kitse. Idan kika ɗauke shi a matsayin hanyar goge abin da kika ci, kullum lissafin zai ba ki kunya.

Maganar al'ada

Anne Loucks ta Jami'ar Ohio ta yi shekaru tana nazarin abin da ya rage wa jiki bayan an cire kuzarin motsa jiki daga abincin da aka ci. Ana raba ragowar da nauyin jiki ban da kitse. Ta gano cewa idan ya faɗi ƙasa da kalori 30 a kan kowane kilo, cikin kwana biyar sinadarin da yake tafiyar da ƙwan mace yana fara rikicewa, T3 ma yana sauka. Mu gwada da ke. A ce nauyinki ban da kitse kilo 50 ne, ƙiyasi nake yi. A ce gudun yana cin 350. Kalori 1,200 a cire 350, saura 850, a raba da 50, ya ba da 17. Ko da kina cin 1,500 ba ki sani ba, 23 ne. Gaskiya ne an yi waɗannan gwaje-gwajen a kan mata marasa ƙiba, mai ajiyar kitse tana da ɗan sarari fiye da su, kuma 30 ɗin ba katanga ba ce da kowa yake faɗuwa a daidai ita. Amma ke jikinki ya riga ya yi magana. Kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya ba wannan yanayin na ƙarancin kuzari suna tun 2014 saboda yawan ganinsa a 'yan wasa maza da mata, kuma illarsa tana kaiwa ga ƙashi, da garkuwar jiki, da yanayin zuciya.

Ban duba ki ba, kuma ba a gano cuta ta saƙo. Jinkirin al'ada, sanyi da kasala suna iya zama juna biyu, ko ƙarancin jini, ko raunin tayirod na asali, ko matsalar ƙwan mace da take tafiya da ƙiba. Don Allah ki fara da gwajin ciki, domin raguwar ƙiba tana iya sa mace ta ɗauki ciki bayan ta daɗe ba ta samu ba. Sannan ki ga likita a duba jininki da tayirod. Idan kina shan maganin ciwon suga ko na hawan jini, ganin likitan ya zama dole, saboda bayan saukar kilo 9 adadin maganin yana iya yi miki yawa. Jiri, suma, ciwon ƙirji ko bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba a lokacin gudu, waɗannan a tsaya ne nan take a nemi asibiti.

Abin da zan sa ki yi da a gabana kike

Idan gwaje-gwajen sun fito lafiya, zan fara da hutun mako biyu zuwa huɗu daga rage abinci. Ki ƙara abinci a hankali har ki kai inda nauyinki yake tsayawa ba hawa ba sauka. Sikeli zai iya ƙara kilo ɗaya a kwanakin farko. Gilaikojin ne da ruwansa, kada ya firgita ki. Wani bincike na Ostireliya da aka buga a 2018 ya nuna maza masu ƙiba da suka riƙa yin mako biyu na ragewa da mako biyu na hutu sun fi rasa nauyi a kan waɗanda suka yi a jere. Binciken da aka yi daga baya a kan 'yan wasa bai ga wannan fifikon ba, sai dai yunwa ta ragu musu. Don haka ba na sayar da hutun a matsayin sirri. Ina ba da shi ne domin barci da ƙarfi da al'ada su dawo, kuma mutum ya iya ci gaba.

Bayan hutun, ki koma da giɓi matsakaici, kalori 300 zuwa 500 ƙasa da buƙatarki, da burin saukar kimanin rabin kilo a mako. An gwada wannan a kan 'yan wasa a Norway a 2011: waɗanda suka sauka a hankali sun ƙara tsoka a lokacin da suke rasa kitse, waɗanda suka yi sauri ba su ƙara ba.

Kwana biyar ɗinki kuma ki raba su. Biyu ko uku su zama na ƙarfafa tsoka: tsuguno da miƙewa, turawa, jawowa, ɗaga abu daga ƙasa, da nauyin da za ki iya maimaitawa sau 8 zuwa 12 kafin ki gaji, kina ƙara shi kaɗan-kaɗan. Mata da yawa suna ce mini suna tsoron jikinsu ya murɗe irin na maza. Hakan ba ya faruwa da wannan ɗan aikin, balle a lokacin da abinci yake a rage. Kada kuma a ruɗe ki da cewa tsoka za ta riƙa ƙona miki ɗaruruwan kalori kina zaune, kilo ɗaya na tsoka wajen kalori 13 yake ci a yini. Darajarta tana wajen ƙarfi, da sarrafa sukarin jini, da kare ƙashi, da kuma ba ki ikon ci gaba da motsi. Sauran kwanakin ki yi gudunki ko tafiya mai sauri, minti 30 zuwa 45. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da aƙalla kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Ki sa ido kan takunki na yini kada ya faɗi, domin ta nan jiki ya fi ramawa.

Furotin ya zama ginshiƙin kowane cin abinci, daga ƙwai, kifi, nama, madara ko wake. A Jami'ar McMaster ta Kanada an sa samari 40 a kan giɓin kashi 40 cikin ɗari na mako huɗu tare da horo mai tsanani. Waɗanda suka ci giram 2.4 na furotin a kan kowane kilo sun ƙara kilo 1.2 na tsoka, suka rasa kilo 4.8 na kitse. Masu cin rabin haka sun riƙe tsokarsu kawai, suka rasa kilo 3.5. Ba na so ki kwaikwayi tsananin nasu, mako huɗu ne a ƙarƙashin kulawa. A gare ki giram 90 zuwa 110 a yini, a raba gida uku, ya wadatar, sai fa idan kina da ciwon ƙoda, to sai da izinin likita. Abinci mai sitaci kuma kada ki kore shi. Ki matso da mafi yawansa kusa da lokacin motsa jiki, kafin da bayan, za ki ji bambanci a ƙafarki cikin mako guda. Barci ya kai awa bakwai. An nuna cewa masu rage abinci da aka taƙaita wa barci sun fi rasa tsoka a kan kitse, ga ƙarin yunwa.

Ki ba wannan tsarin mako takwas, kina rubuta abubuwa huɗu: awon ƙugu, nauyin da kike ɗagawa, matsakaicin sikeli na mako, da ranar zuwan al'ada. Idan ƙugu yana raguwa, ƙarfi yana ƙaruwa, al'ada ta daidaita, ki ci gaba ko da sikeli yana jan ƙafa. Idan al'ada ta kai wata uku ba ta zo ba, ki dakatar da rage abincin gaba ɗaya ki koma wurin likitan mata. Idan kuma kin lura tsoron abinci ya fara shigar ki, ko kina ci ba ƙaƙƙautawa sannan ki hukunta kanki da gudu, ki faɗa wa likitan wannan ma a ganin farko, domin yana da magani kuma ya fi sauƙin warkewa idan an tare shi da wuri. Allah ya ƙara lafiya.